Zuwa Yankari da iyali a mota: waɗanda suka je su faɗa mana

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Hutun yara ya matso, kuma da yawa a nan suna tambayar yadda ake zuwa gandun namun daji na Yankari da mota daga Kano. Duk wanda ya san hanya da wurin, ya taimaka da bayani dalla-dalla.

Malam Direba: Wa alaikumus salam. Daga Kano ka bi Wudil, Birnin Kudu, Ningi, ka shiga Bauchi, wajen kilomita 300. Daga Bauchi ka ɗauki titin Gombe zuwa Dindima, nan za ka karya kwana ka yi kudu. Daga Dindima zuwa ƙofar gandun da ke Mainamaji kimanin kilomita 29 ne. Abin da ke yaudarar mutane shi ne su ɗauka sun iso da zarar sun ga ƙofa. Akwai sauran kilomita 42 cikin daji kafin sansanin Wikki inda masauki yake, kuma ba titin gudu ba ne, dabba na iya ratsowa gabanka. Wanda bai bar Kano da asuba ba, gara ya kwana a Bauchi ya sammako.

A cika tanki a Bauchi, don zuwa da dawowa ya haura kilomita 220. A duba iskar taya tun da safe kafin ta yi zafi, har da safaya, domin sau da yawa sai an yi faci ake gane safayar ma ba iska. Jak, sifanar taya, fambel guda na ajiya, da jarkar ruwa ta lita goma saboda lagireto. Idan mota ta yi zafi kada a buɗe murfin lagireto nan take, a bari ta huce, ruwan tafasasshe ne yake feshowa fuska.

Maman Khalifa: Baban Ummi, lokacin da ka je shi ke yanke abin da za ka gani. Da damina ciyawa ta fi mutum tsayi, ruwa ko'ina, dabbobi sun watse cikin dajin da ya haura murabba'in kilomita 2,200, sai ka yi yawo ka dawo da ƙyar ka ga mazo ɗaya. Daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu kuwa tafkuna sun ƙafe, komai yana gangarowa kogin Gaji ya sha ruwa: giwa, ɓauna, gwambaza, gwanki, kanki. Maris da Afrilu sun fi ganin dabba, amma zafin yana wahalar da ƙananan yara. Ni a ganina mai jariri ya zaɓi Janairu ko Fabrairu, ya tafi da rigunan sanyi saboda fitar safe a buɗaɗɗiyar mota cikin hunturu.

Lokacin Sallah da ƙarshen shekara a kama ɗaki tun kafin a taso. A riƙe tsabar kuɗi, ana biyan kuɗin shiga na kowane mutum da na mota a ƙofa, kuma sabis ɗin waya a daji ba abin dogaro ba ne.

Kawun Yara: Bari in tsaya a kan gwaggon biri, don shi ne ya fi ba iyalai matsala, ba zaki ba. Na sansanin Wikki sun saba da mutane, sun san leda abinci ce. Suna zaune a gindin bishiya suna kallon wanda ke sauke kaya, da an buɗe but an juya baya, ɗaya ya zo ya fizge ledar burodi ya haye rufin ɗaki yana yagawa. Ƙofar da aka tura ba a sa mata makulli ba, suna iya buɗe ta. Don haka a sa abinci cikin kula mai murfi ko jakar da ba a ganin cikinta, mutum ɗaya ya tsaya a mota yayin da ake shigar da kaya, a rufe taga ko da fita ta minti biyu ce. Kada a ba yaro biskit ko lemo ya riƙe a waje, sun fi raina yara da mata. Idan ya riga ya kama abu, a sakar masa. Haƙoransa dogaye ne, cizonsa kuma sai an kai ga asibiti. Kada a ba su abinci da hannu, wannan ne ya lalata su tun farko.

Gyado, wato mugun dawa, shi ma yana kiwo tsakanin ɗakuna, yana durƙusawa a gwiwoyin gaba yana tonon saiwa. Ba ruwansa da kowa, sai dai mai 'ya'ya, ita kam a hana yara matsawa kusa.

Anti Nas: Ni kuma bari in yi bayani kan ƙudan tsando. Yana bin mota mai tafiya, kuma baƙi da shuɗi ke jawo shi. A sa wa yara kaya masu haske, ruwan ƙasa ko ruwan toka, dogon hannu da yadi mai kauri, don yana cizo ta cikin siririn yadi. Man sauro bai cika korarsa ba, amma a tafi da shi saboda dare. Duk wanda zazzaɓi ya kama bayan an dawo, a gaya wa likita an je daji.

Malam Direba: Shiga daji sai da jagora daga ma'aikatan gandun, ana fita da sassafe da kuma yamma. Ta safe ta fi. Hanyoyin ciki yashi ne da kwazazzabai, ƙaramar mota za ta kafe ko ta daki ƙasa, gara a hau tasu. In aka haɗu da giwa a hanya, ba hon, ba ihu, ba sauka ɗaukar hoto. Ta buɗe kunnuwa ta ɗaga kai tana fuskantarku, gargaɗi ne, a bi umarnin jagora.

Maman Khalifa: Ruwan Wikki kuma, daga sansani matakala ake sauka, akwai ɗan tsayi, tsofaffi su bi a hankali. Ruwan yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, garau har kana ganin farin yashin ƙasa. Wannan hasken ne haɗarinsa: sai ka ga kamar bai kai ƙugu ba, alhali kusa da dutsen ya kusa mita biyu, yana shanye babban mutum. Yara su tsaya can ƙasa inda ya yi faɗi, da babba a cikin ruwan tare da su, ba a bakin gaɓa yana danna waya ba. Mata masu son sakewa su sauka bayan sallar asuba kafin jama'a su taru, da doguwar riga mara nauyi da wando. Kayan da aka tuɓe a bar mutum a kansu, birai na sauka har can.

Baban Ummi: Allah Ya saka da alheri. Kwana nawa ya isa?

Kawun Yara: Kwana biyu. Ranar farko a iso kafin la'asar, a yi wanka, a leƙa ɗan gidan tarihin da ke sansanin. Washegari a fita daji da safe, a roƙi jagora ya biya da ku kogunan Marshall, ramukan da mutanen dauri suka haƙa a jikin dutse. A taho da tocila, da abin cajin waya, da katan biyu na ruwan roba ga iyali mai mutum shida.