Shin kiyashi na koyon ƙanshin abinci ne?

Mai shago, Maradi: Assalamu alaikum. A shagona kiyashi sun fi taruwa a kan ƙuli-ƙuli da man gujiya, alhali maƙwabcina yana kuka da su a kan buhun sukari. Shin da son wani abinci ake haihuwarsu, ko kuwa koyo suke yi? Ina roƙon masana su fahimtar da ni.

Malamin kimiyya: Wa alaikumus salam, Alhaji. Duka biyun suna nan, amma koyon ya fi ƙarfi fiye da yadda ake zato. Da ƙahonnin nan biyu na kansu suke shaƙar ƙanshi, kuma idan ɗaya ta ci abu mai amfani, sai ta haɗa ƙanshinsa da ƙoshin da ta samu. Masu bincike na cibiyar Max Planck da ke Jamus sun nuna a 2018 cewa wata tururuwar hamada a Tunisiya tana riƙe ƙanshin abinci daga ci ɗaya tak, ta tuna shi bayan fiye da mako 3, tana kuma iya riƙe ƙanshi iri 14. Abin da ya fi burge ni shi ne, a wasu jinsunan wadda ba ta fita ba ma tana koyo, domin mai kiwo idan ta dawo takan ɗura wa 'yan'uwanta abinci baki da baki, su kuwa su fita neman wannan ƙanshin.

Manomi, Tibiri: Malam, Allah ya ƙara basira. Sai dai ina ganin buƙatar gida ma tana da hannu, don na lura kiyashin da ke jan ƙwaro matacce yau, gobe zuma suke bi.

Malamin kimiyya: Gaskiyarka, Baba. Idan akwai 'ya'ya da yawa a rami sukan fi neman abin gina jiki, manya kuwa zaƙi ne ke ba su ƙarfi.

Uwargida, Madarunfa: Alhaji, ka wanke hanyarsu da ruwan sabulu, domin ƙanshin da suke shafawa a ƙasa ne ke jawo sauran. Amma wankin ba zai goge abin da suka riga suka koya ba, don haka ka zuba ƙuli-ƙulin a mazubi mai murfi, ka kuma share ɓurɓushin kafin ka rufe shago.