Shin da gaske abincin Okinawa da Sardiniya ne ke sa tsawon rai?

Malam Habu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwanan nan ina yawan cin karo da bayani a kan wurare biyar da ake cewa mutanensu sun fi kowa daɗewa a duniya, wato Okinawa a Japan, da Sardiniya a Italiya, da Ikariya a Girka, da Nikoya a Kosta Rika, da Loma Linda a Amurka. Ana danganta hakan da cimarsu, kamar dankali da waken soya a Okinawa, ko man zaitun da ganyayyaki a tsibiran Bahar Rum. Shin an tabbatar da wannan magana, ko kuwa talla ce kawai?

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam, Malam Habu. Kafin a tambayi abin da tsoho yake ci, ya kamata a fara tambayar wa ya ƙirga masa shekarunsa, domin a nan ne maganar take rauni. A 2010 jami'ai a Tokyo suka je gidan Sogen Kato, wanda ake ɗauka yana da shekara 111, sai suka tarar ya rasu tun kimanin shekara 30 da suka wuce, gawarsa na ɗaki, iyalinsa kuwa suna karɓar kuɗin fansho. Binciken da ya biyo baya ya gano sunaye sama da 230,000 a rajistar iyali na mutanen da ya kamata a ce sun haura ɗari, amma ba a san inda suke ba. Okinawa kuma yaƙin 1945 ya ƙone yawancin takardunta, sai daga baya aka sake rubuta su. Wani masani mai suna Saul Newman, wanda ya sami kyautar Ig Nobel (wadda ake bai wa binciken da ke sa dariya kuma ya sa tunani) a 2024, ya nuna cewa masu shekaru na ban mamaki sun fi yawa a inda talauci ya yi katutu kuma rajistar haihuwa ba ta da inganci. Mu ma nan mun san yadda ake cewa kaka ta kai ɗari da ashirin, alhali abin da aka riƙe kawai shi ne an haife ta shekarar wata yunwa.

Malam Sani:
Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma wannan ba sabon abu ba ne. A 1973 an yi ta yayata ƙauyen Bilkabamba na Ekwado a matsayin wurin masu tsawon rai, kafin masu bincike su gano cewa tsofaffin suna ƙara wa kansu shekaru. Haka aka ce Shirali Muslimov na Azarbaijan ya kai 168, aka jingina abin da shan kindirmo, alhali wadda aka tabbatar ta fi kowa daɗewa ita ce Jeanne Calment ta Faransa, da ta rasu a 1997 tana da shekara 122.

Dakta Ummi:
Ina ganin kada mu yi jifa da komai gaba ɗaya. Masana Michel Poulain da Gianni Pes, waɗanda suka fara binciken tsofaffin Sardiniya, sun ce sun bi takardun coci da na hukuma ɗaya bayan ɗaya, kuma suna musanta sukar Newman. Mutanen Loma Linda ma takardunsu na da kyau, sai dai waɗanda aka yi binciken a kansu mabiya ɗarikar Kirista ta Adbantis ne da galibi ba sa shan taba ko giya, don haka da wuya a ware rawar da abinci ya taka shi kaɗai. Amfanin wake da ganye da rage sukari ya tabbata ta wasu hanyoyin bincike, ba ya buƙatar labarin tsofaffin tsibiri.

Malam Habu:
Na gode ƙwarai. Abokina da ya dage sai man zaitun mai tsada zan nuna masa wannan, tunda wake da zogale ba su yanke a kasuwarmu ba.