Wai tsufa ne ya koya wa shaiɗan?

Bakanike a Houston: Salamu alaikum jama'a. A garejin da nake aiki a nan Amurka akwai wani dattijo ɗan asalin Meziko. Jiya wata mota ta wahalar da mu, kwamfutar gwaji ba ta nuna komai ba. Shi kuwa ya kara kunne kusa da inji, ya ce fambel ne ya saki, kuma hakan ne. Sai ya buga mini kafaɗa ya ce da Sifaniyanci: "Más sabe el diablo por viejo que por diablo." Wato sanin da shaiɗan yake da shi, daɗewa a duniya ce ta ba shi, ba shaiɗancinsa ba. Tun jiya nake juya ta a raina.

Tsohon Hedimasta: A'uzu billahi. Ɗana, mu ma muna da irinta, kuma tamu ta fi ladabi: abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Me ya kawo shaiɗan cikin yabon dattijo?

Bakanike a Houston: Baba, ku yi haƙuri, ina ganin ba ɗaya ba ne. Tamu tana gwada babba da yaro. Tasu kuwa tana gwada shekaru da wayo. Sun ɗauko wanda ya fi kowa makirci, kamar a ce Gizo a tatsuniya, suka ce shi ɗin ma kwana da yawa ne jarinsa.

Maman Biyu, Bronx: Girmama manya kam suna da shi. Maƙwabtana 'yan Jamhuriyar Dominika ne da Puerto Rico. Yaro ba zai fita ba sai ya ce wa kakarsa "Bendición", wato a sa mini albarka, ita kuma ta amsa "Dios te bendiga", wato Allah ya yi maka albarka. Ranar da na fara ji sai da na tuna Inna. Kakar ce ke riƙe gidan: ita ke dafa shinkafa da wake, ita ke ɗauko yara daga makaranta, uwar tana wurin aiki har dare.

Amma ga inda maganar ke yi mini tsaye. Wannan tsohuwar na taɓa raka ta asibiti. Jikarta 'yar shekara 10 ce ta zauna tsakaninta da likita tana fassara, har batun hawan jini da yadda za ta sha magani. Tsohuwa ta sunkuyar da kai tana murza jakarta. A ɗakin nan wa ya fi sani? Ƙaura tana kifar da abin.

Ɗaliba: Anti, ƙidayar Amurka ta 2020 ta nuna Latino, wato 'yan asalin ƙasashe irin su Meziko da Puerto Rico, sun haura miliyan 62, kuma matasa sun yi yawa a cikinsu, to irin jikar nan ba kaɗan ba ne. Ga shi yarinya sai ta kai 15 ake yi mata bikin quinceañera, uba ya durƙusa ya cire mata takalmi mai shafe ya sa mata mai tsini, alamar ta girma. Waccan kuwa ta riga ta ɗauki kayan manya shekara biyar kafin takalmin.

Tsohon Hedimasta: 'Yata, harshe daban, sani daban. Yarinyar Turanci ta juya. In likita ya faɗi mugun labari, wa zai san yadda za a kai shi gida? Har yanzu dai ban yarda yaro ya faɗa wa babba wannan karin magana ta shaiɗan ba. In dattijo ya faɗa wa kansa cikin raha, wannan ruwansa.

Bakanike a Houston: Haka ma na fi jin ta, Baba, daga bakinsu. Yau da safe mutumin nawa ya kira ni gefe, WhatsApp ɗinsa ya ƙi buɗewa kuma yana son ganin bidiyon jikarsa daga Guadalajara. Na ce masa ina shaiɗan yau? Ya ce shaiɗan ya manta tabarau a gida.