Musayar Waƙa a kan Tiger Moth, Tsohon Jirgin Koyon Tuƙi

Malam Mai Tawada:

Da sunan Allah nake farawa,
Zancen jirgin da bai gazawa,
Tiger Moth sunansa na kirawa,
A Ingila aka yi ƙerawa,
A 1931 ya fara hawa sama.

Injiniya De Havilland ne ya zana shi,
Sunan faɗa-wuta ya raɗa mashi,
Fiffike kan fiffike gare shi,
Haƙarƙarin katako, yadi ya rufe shi,
Har yau yana tashi da girma.

Ɗan Auta:

Gafarta Malam, ina da tambaya,
Jirgin da babu birki a taya,
Sai an kaɗa farfela da hannu ɗaya,
Ba rufi, iska na dukan ƙeya,
Ai gidan tarihi ya kamata ya koma.

Baba Makanike:

Yaro, zauna ka ji ni sosai,
Tashi da shi ba wuya ƙwarai,
Wuyar ita ce tuƙa shi daidai,
Kuskurenka zai nuna maka sarai,
Tun 1932 sojan Ingila da shi suke fama.

Ɗalibi na baya, malami gabansa,
Ta bututu yake jin faɗansa,
Tankin mai na can bisa kansa,
Mai na gangarowa da nauyinsa,
Ba famfo, inji kawai ya kama.

Injin Gipsy Major na can gaba,
Ƙarfin doki 130 a yawancinsu, ba duka ba,
Fiffiken sama an matsa shi gaba,
Ba don ado aka yi hakan ba,
Don malami ya iya dira da laima.

Hajiya Uwar Zaure:

Yaƙin Duniya na Biyu, Baba, bar mini wannan yaƙi,
Masana'antar mota ta karɓi aiki,
Morris a Cowley, abin mamaki,
Kanada ta rufe shi don ɗumin jiki,
Sama da 8,000 aka ƙera kafin a gama.

Bayan yaƙi jirgin Chipmunk ya gaje shi,
A gwanjo farar hula suka saye shi,
A New Zealand taki aka ɗora mashi,
Kan tuddan kiwo yana watsa shi,
Sojan jiya ya koma noma.

Ɗan Auta:

Hajiya, na sassauta batuna,
Ko da tsoron faɗuwa na raina,
A filin jirgin Duxford na Ingila ana ɗaukar irina,
Hular fata, tabarau a idona,
Baba, kaɗa farfela mu tashi sama.