Idan an ce "shonen", ko wane yaro zai iya karantawa ke nan?

Maman Sadik:
Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 13, ya kamu da labaran zanen nan na Japan da ake kira manga. Jiya na leƙa wayarsa, shafin baƙi da fari ne, wani ƙato ba kaya a jikinsa ya damƙi mutum ya kai baki, jini na tsiyaya. Gabana ya faɗi. Da na tambaye shi sai ya ce wai shonen ne, an yi shi ne don samari irinsa. Ba na son in ƙwace wayar da ka, don tun da ya fara karatun nan Turancinsa ya ƙaru, har zane yake yi a bangon littattafansa. Gaskiya ya faɗa mini?

Baban Zane:
Wa alaikumus salam Maman Sadik. Bai yi miki ƙarya ba, sai dai zancen da saura. Shonen da Japananci yaro namiji ne mai tasowa. Amma a harkar manga, mujallar da ta buga labari ita ke ba shi wannan suna, ba wanda ke auna yawan jinin da ke ciki kafin a kira shi haka. Abin da kika kwatanta ya yi mini kama da Attack on Titan, wanda kamfanin Kodansha ya buga a Bessatsu Shonen Magazine daga 2009 zuwa 2021. Shonen ne tabbas, amma ni ba zan ba ɗan shekara 13 shi ba. Captain Tsubasa ma shonen ne, tun 1981, kuma ƙwallon ƙafa ce zalla. Kin ga suna ɗaya, tafiya daban.

Aliyu Ɗan Jarida:
Anti, bari in ƙara da yadda mujallun ke aiki, don shi zai nuna miki abin da ya riƙe yaron. Babbarsu ita ce Weekly Shonen Jump ta kamfanin Shueisha, tun 1968 take fitowa. Mujalla ce mai kauri a kan takarda mai araha, kowane mako labarai kusan 20, kowanne babi ɗaya. Ana saka kati a ciki, mai karatu ya zaɓi waɗanda suka fi burge shi ya aika. Labarin da ya daɗe a ƙasa sai a datse shi cikin 'yan watanni, ko da mai zanen bai kai inda ya nufa ba. Shi ya sa kowane babi ke tsayawa daidai inda rai ke son ci gaba. A 1995 ta kai kwafi miliyan 6.53 a fitowa guda. An san ta da abubuwa uku: abota, ƙoƙari, nasara. Ni dai wannan ne ya ja ni, yaro ba kowa ba ya sha kaye, ya tashi, ya sake horo.

Malama Rabi:
Ni ban yarda abota da ƙoƙari sun wanke komai ba. Wasu labaran yadda ake zana mata a ciki ya fi jinin damuna. Maman Sadik, duba bayan bugun Turanci, ana rubuta shekarun da suka dace, wancan na ƙattin 16 zuwa sama aka sa masa. Kuma ki zauna ku karanta babi ɗaya tare. Daga dama ake farawa kamar Larabci, kar ki rikice.

Maman Sadik:
Na gode ƙwarai. Na tambaye shi, shi ne wanda Baban Zane ya ambata. Mun yi da shi zai ajiye shi sai ya cika 16, ya ɓata rai amma ya yarda. Yau bayan isha'i zai nuna mini na ƙwallon, ya ce shi zai koya mini bin akwatunan zanen.