Kuɗin taimako: Littafi Mai Tsarki ko buhun dawa?

Baba Ishaya: Salama gare ku 'yan'uwa. Kuɗin da ikilisiya ta tara saboda iyalan da suka gudo nan Mokolo, a arewacin Kamaru, daga ƙauyukan bakin iyaka suna hannun ma'aji. Ra'ayina shi ne a saya wa kowane gida Littafi Mai Tsarki. 'Yan Boko Haram sun ƙone musu majami'u, littattafansu sun ƙone tare da rumbuna. Zabura 119:72 ta ce koyarwar Ubangiji ta fi dubban zinariya da azurfa. In da gaske muke, mu nuna da kuɗin nan. Dawa za ta ƙare cikin 'yan makonni, Maganar Allah ba ta ƙarewa.

Mama Rifkatu: Baba, Allah ya ƙara muku lafiya, amma ban yarda ba. Yanzu tsakiyar damina ce, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Mu zumuntar mata mu ke shiga gidajen nan. Akwai uwar da ke dafa ganye zalla ta ba yara su kwanta. Waɗanda ke sansanin 'yan gudun hijira na Minawao tun 2013 'yan Najeriya ne masu rajista, ko ba yawa ana kai musu wani abu. Namu na gida sun raɓe ne wurin dangi, dangin ma ba su da shi. Yakubu 2:15-16 ya tambaye mu, in ka ce wa mayunwaci ya sauka lafiya ya ƙoshi, ba ka ba shi komai ba, me ka yi?

Baba Ishaya: 'Yata, ba a gardama da Yakubu. Amma Ubangiji da kansa, bayan kwana arba'in bai ci ba, ya ce ba da abinci kaɗai mutum zai rayu ba. Annabi Amos kuma ya yi maganar wata yunwa da ta fi ta hatsi, yunwar jin maganar Ubangiji. Ƙungiyoyin agaji suna raba hatsi. Wa zai raba Littafi in ba mu ba?

Yohanna: Ina bayan Baba. Mu matasa abin da muke ji a wa'azin waya kullum shi ne shuka iri ka girbi mota, ba da kaza ka sami kaza. Har mutum ya fara auna bangaskiyarsa da abin da ke aljihunsa. In ikilisiya ma ta ce ciki ne farko, me ya bambanta mu da su?

Mama Rifkatu: Yohanna, wa ya kawo zancen mota? Kunun yaro nake magana.

Malam Bitrus: Ku ba ni dama in sa baki. Ayar Zabura da Baba ya kawo gaskiya ce, ni ma a kanta nake tsaye. Sai dai mu duba bakin wa irin wannan magana take fitowa. A Zabura 19:10 Dawuda ya ce shari'un Ubangiji sun fi zinariya abin so, kuma Dawuda sarki ne, zinariyar tana ɗakinsa. Ya ɗora abin da yake da shi a sikeli ya ga bai kai ba. Matar da ta tsere daga ƙauyen Tourou da zane ɗaya ba ta da zinariyar da za ta auna. Ayar nan mu take tuhuma, mu masu shago a kasuwa, masu albashi, masu karɓar kuɗin auduga daga kamfanin Sodecoton. In na ce Magana ta fi dukiya, dukiyata ce ya kamata ta ragu. Ba daidai ba ne in nuna ƙaunata ga Littafi da yunwar ɗan wani. Ko a jeji, Yesu nasa cikin ya hana wa gurasa. Da taron mutane suka ji yunwa bayan sun saurare shi, bai sallame su haka ba, ya ce wa almajirai ku ba su abinci.

Baba Ishaya: Malam, kana nufin ni ban damu da yunwarsu ba?

Malam Bitrus: Haba Baba, wa bai san gidanku cike yake da baƙi ba? Abin da nake cewa, kuɗin nan da sunan taimakon masu gudu aka tara su. Ku tuna Nehemiya 8. Ezra ya karanta Attaura tun safe har tsakar rana, jama'a suna kuka. Me aka ce musu? Ku je ku ci ku sha, ku aika wa wanda bai da komai rabonsa. Rana ɗaya aka yi karatun da rabon.

Yohanna: Amma a Ayyukan Manzanni 6 manzanni sun ce bai kyautu su bar Maganar Allah su koma rabon abinci ba.

Mama Rifkatu: Ƙarasa karantawa, ɗana. Ba su soke rabon ba, mutum bakwai suka zaɓa don gwauraye mata su daina rasa rabonsu. Istifanas yana cikinsu.

Baba Ishaya: Ku yara ba ku san yadda Littafin nan ya zo hannunmu ba. Sai a 1932 aka buga shi cikakke da Hausa, bayan shekaru masu yawa na aikin su Dokta Miller a ƙasar Zazzau. Iyayenmu sukan haɗa kuɗi gida da yawa su sayi guda ɗaya, a naɗe shi a tsumma kada gara ta ci. Talakawa ne, ba su ce sai sun ƙoshi ba. Abin da ke ba ni tsoro ke nan, kada mu raina wa matalauci ƙishinsa, mu ɗauka ciki kawai gare shi. Wani dattijo cikinsu ya zo wurina, bai roƙi hatsi ba, cewa ya yi in ara masa Littafina ya karanta wa jikokinsa.

Malam Bitrus: Wannan kam ta kama ni, Baba. Amma iyayen nan da kuka ambata, nasu kuɗin suka fitar da son ransu. Kuma 'yan mishan na Norwe da suka sauka Ngaoundéré a 1925 ba wa'azi kaɗai suka tsaya ba, asibitin da suka kafa yana nan har yau.

Saratu: Ni tambaya gare ni. An tambayi mutanen nan kuwa? Da yawa cikin matan ba su iya karatu ba, wasu Mafa suke ji, wasu Fulatanci, yaran makaranta kuma Faransanci. In aka ba kowane gida na Hausa, wasu za su ajiye shi ne kawai. Akwai karatun Littafi na murya da ake sa wa a katin waya, gida biyar za su iya sauraro tare da yamma.

Yohanna: Wannan zan iya yi kyauta, in an samo katunan.

Malam Bitrus: To ga shawarata. Kuɗin ma'aji su tafi ga dawa. Littattafai kuma mu da muka ce Magana ta fi zinariya mu saya daga aljihunmu. Na ɗauki biyar.

Baba Ishaya: Har yanzu ina ganin mun juya tsarin, na farko ya koma na biyu. Ban sauka daga wannan ba, kuma zan faɗa a taron dattawa ranar Lahadi. Amma ina da ɗan akuya da na ajiye don Kirsimeti, a kai shi kasuwa ranar Laraba, a rubuta kuɗinsa a na littattafai.

Mama Rifkatu: Mun gode Baba. Saratu, gobe bayan addu'ar safe ki same ni mu zaga gidajen, mu rubuta yawan yara da harshen da kowane gida yake ji.