Man haɗi ya fito wa ƙanwata da gashi a fuska, na goshi kuma yana zubewa

Uwargida daga Ringim: Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Ina neman shawara a kan ƙanwata, wadda ta yi wata takwas tana shafa wani man haɗi da aka sayo mata ranar kasuwa saboda bikinta. Ta yi haske kamar yadda ta so, amma yanzu gashi ya tsiro mata a kumatu da haɓa, nankarwa ta fito mata a damtse alhali ba ta taɓa haihuwa ba, gashin goshinta kuma yana bin mataji. Jiya na same ta a bayan ɗaki tana tsige gashin haɓarta da farce tana hawaye, abin ya tsaya mini a rai.

Ma'aikacin lafiya daga Gumel: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Alamomin nan sun yi kama da aikin sitiroyid mai ƙarfi, irin su clobetasol ko betamethasone, waɗanda masu haɗin mai ke matsawa a cikin kwalba. Maganin ƙaiƙayi da kumburin fata ne na ɗan lokaci, amma idan aka daɗe ana shafawa yakan danne ƙwayoyin da ke samar da launin fata, ya sirantar da fatar har jijiyoyi su bayyana, ya kuma tsiro da gashi a inda ba a so. Roƙona shi ne kada ta yanke shi rana ɗaya, domin bayan watanni ana shafe jiki da shi, jikin kan rage samar da nasa sinadarin kotisol, wanda sitiroyid ɗin ke kwaikwayon aikinsa, fuskar kuma kan yi zafi da ƙuraje idan aka daina farat ɗaya. Ku kai ta wurin likitan fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ku tafi da kwalbar, shi zai tsara yadda za a janye shi sannu a hankali. Gashin fuskar yakan ragu bayan an daina, amma nankarwar dusashewa take yi, ba ta ɓacewa gaba ɗaya.

Mai kemis daga Ɗambatta: Na goyi bayan Malam. Ƙarin da zan yi shi ne, sau da yawa haɗin na ɗauke da hydroquinone, wanda ke toshe aikin sinadarin da ke ƙera launin fata, kuma daɗewa a kansa na barin baƙin tabo mai wuyar magani a kumatu. Game da goshin, akwai minoxidil na shafawa, mai kashi 2 ko kashi 5 cikin ɗari. Asalinsa maganin hawan jini ne, sai aka lura masu shan sa na yin gashi, har aka amince da na shafawa a Amurka a 1988. Sai an yi wata uku zuwa shida kafin a ga amfaninsa. Amma ni ba zan sayar mata da shi yanzu ba, tunda idan ya gangaro fuska gashin zai ƙara mata, ga shi amarya ce mai iya samun ciki, kuma ba a so mai ciki ta yi amfani da shi.

Makitsiya daga Ɓaɓura: Yaya, ki duba kitsonta tukuna. Na ga amare da yawa da ƙananan kitso masu tsauri suka cinye musu gaban goshi. A tsefe, a yi mata manya guda huɗu masu sassauci, a daina ɗaure ɗankwali tamau a wuri ɗaya.

Dattijo daga Ungogo: 'Yata, ki lallashe ta, domin magani na sauya launin mutum ta kowace fuska. Ƙanena ya sha maganin kuturta na wata 12 a asibitin Yadakunya, ɗaya daga cikin ƙwayoyin, clofazimine, ta mai da fatarsa ja mai duhu har ya daina zuwa majalisa. Ya daure ya ƙarasa, bayan ya gama launinsa ya dawo a hankali.

Uwargida daga Ringim: Na gode, Baba, na gode muku duka. Yau za a tsefe kitson, ranar Litinin kuma za mu bi motar asuba zuwa Kano. Malam, akwai wani sabulu da take haɗawa da man, shi ma mu tafi da shi?

Ma'aikacin lafiya daga Gumel: Ku tafi da shi har da kwalinsa, Hajiya, domin wasu sabulan bilicin na ɗauke da makuri, wato zaiba, wanda ke taɓa ƙoda, kuma likita zai iya neman a gwada fitsarinta.